Shin Katin Asibiti Ya Sauke Hakkin Iyaye?

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk wanda ya san ƙasar Funtua da Malumfashi ya san cewa kuɗin manomi yana da lokacin zuwa, yana kuma da lokacin tafiya. Da kaka, sa'ad da aka girbe masara, aka cire auduga, aka casa waken suya, manyan motoci sukan yi layi a kasuwar Dandume, magidanci kuwa ya zauna ya yi lissafi: bashin taki, auren ɗiya, kwanon rufi, watakila har da sabon babur. Da wuya ka ji ciwon tsoho ya shiga cikin wannan lissafi. Sai can tsakiyar damina, rumbu ya yi ƙasa, sauro ya yi yawa, hanya ta ɓaci, sa'an nan ne Baba zai yanke jiki ya faɗi, ko fitsari ya tsaya masa cikin dare. Daga nan sai a shiga sayar da bijimin huɗa da araha, ko a jinginar da gonar da aka gada. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan magani a Nijeriya daga aljihun majinyaci da danginsa yake fitowa, a daidai ranar da ciwo ya kama. Mutumin Bakori ko na Ƙafur bai bukaci a karanta masa wannan ƙididdiga ba, domin a zaurensa abin yake faruwa.

To, ga shi gwamnati ta kawo wani tsari wanda ake biyan kuɗi kaɗan tun ana lafiya, a ba mutum kati, in ciwo ya zo a duba shi. Mutane da yawa suna tambaya ko ya halatta su sa iyayensu a ciki. Tambaya ce mai kyau, za mu kuwa amsa ta. Amma akwai wadda ta fi ta nauyi, wadda ba a cika yi ba: in ɗa ya yanka wa mahaifinsa wannan kati, shin ya sauke hakkin da ke wuyansa ke nan?

Bari mu fara da bayanin abin, don kada mu yi hukunci a kan abin da ba mu sani ba. An kafa dokar shirin inshorar lafiya na ƙasa, watau NHIS, a 1999, ya kuma fara aiki a 2005, amma shekara da shekaru yawanci ma'aikatan Gwamnatin Tarayya kaɗai suka ci moriyarsa. A 2014 aka yi Dokar Lafiya ta Ƙasa wadda ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin kula da lafiya a matakin farko, kusan rabinsa kuwa don a biya wa marasa ƙarfi. A watan Mayu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta kafa hukumar NHIA, ta wajabta shiga tsarin a kan kowane ɗan ƙasa, ta kuma ambaci tsofaffi cikin masu rauni waɗanda za a ɗauke wa biya, tare da yara 'yan ƙasa da shekara 5, da mata masu ciki, da naƙasassu, da matalauta. Jihohi ma sun kafa nasu. Kano ta yi dokarta a 2016, Katsina kuwa a 2018, a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari. In ka lura, hukumomin waɗannan jihohi biyu ba su sa kalmar inshora a sunansu ba, taimakekeniya ake ce musu. Ba a banza aka yi haka ba. An san jama'armu suna ƙyamar waccan kalma, suna kuwa da dalilinsu.

Dalilin shi ne garari, watau cinikin abin da ba a san ƙarshensa ba, wanda shari'a ta hana. Ka ba kamfani kuɗi, ba ka san ko za ka karɓi kome ba, shi ma bai san ko nawa zai biya ka ba. In ka yi asara ya ci riba, in ya yi asara ka ci riba. Saboda haka ne majalisar malaman fikihu ta Rabiɗa a Makka, a 1978, ta hana inshorar kasuwanci, ta kuma halatta ta taimakon juna. Majalisar fikihu ta ƙasashen Musulmi da ke Jidda ta yanke irin wannan hukunci a 1985. Shaihu Mustafa Zarƙa na ƙasar Sham ya saɓa musu, shi yana ganin har ta kasuwancin ma ta halatta, amma ba mu bukatar mu bi shi zuwa can. Abin da ke gabanmu asusu ne na jama'a wanda hukuma ke riƙe da shi, ba domin ta ci ribar ciwon kowa ba. Wannan kuwa mafi yawan malaman zamani sun tafi a kan halaccinsa.

Mu mabiya mazhabar Imamu Malik muna da sauƙi na musamman a nan. Alƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar wanda ya rasu a 1285, ya bayyana a littafinsa Alfuruƙ cewa Malik ya bambanta tsakanin musayar dukiya da kyauta. Rashin sanin abin da za a samu yana ɓata ciniki, domin wani zai cutu, amma ba ya ɓata kyauta da sadaka. Haka nan Buhari da Muslim sun ruwaito yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yaba wa Ash'arawa saboda al'adarsu in abinci ya yi musu ƙaranci: sukan tara abin da kowa ke da shi wuri guda, sa'an nan su raba daidai. Ba shakka wani ya zuba da yawa ya ɗauki kaɗan, ba a kuwa ce an cuce shi ba. Mu ma mun san irin wannan a gayya. Wanda ya je gayyar noman maƙwabcinsa ba ya ƙirga yawan kunyar da ya nome don a rama masa daidai da daidai.

Saboda haka mai cewa, "To, in shekara ta ƙare Baba bai yi ciwo ba, kuɗina ya tafi a banza ke nan?" sai mu ce masa ya gyara niyya. Kuɗin bai tafi a banza ba. Ya sayi allurar wata tsohuwa a Musawa wadda ba ka taɓa gani ba, kai kuma an bar maka mahaifinka lafiya. Wanne daga cikin biyun nan ne asara?

Batun cewa yin tanadi domin ciwo ya saɓa wa tawakkali, ba sai mun daɗe a kansa ba. Wanda ya gina rumbu bai da bakin faɗin haka. Annabi Yusufu ya tanadi hatsin shekara 7 domin yunwar da ba ta zo ba tukuna. Sayyidina Umar ya juya da jama'a daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka can. Magabatanmu na nan ƙasar ma ba su raina magani ba: Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan ciwon ido da basir, yana cikin hidimar mulki.

Yanzu sai mu zo ga inda maganar take da nauyi. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a kowane zaure na ƙasar nan, an bayyana cewa ciyar da iyaye matalauta wajibi ne a kan ɗa, kamar yadda ciyar da matarsa da ƙananan 'ya'yansa yake wajibi. Suratul Isra'i kuwa da ta yi umarni da kyautata wa iyaye, lokacin tsufansu ta ware da ambato. A da, gandu ne ke ɗauke da wannan nauyi ba tare da an yi shawara ba. 'Ya'ya suna noma tare da uba a gona ɗaya, ana ci daga rumbu ɗaya, in ƙarfinsa ya ƙare babu abin da ya canja sai dai ya daina fita gona. Yau gandu ya watse a gidaje da yawa. Ɗa ɗaya yana Kaduna, ɗaya yana Legas, ɗaya yana tuƙin mota tsakanin Funtua da Gusau, an bar ƙaramin a gida. Hakkin bai ragu ba, amma abin da ke ɗauke da shi ya karye. A ganinmu, tsohon da ke da hawan jini ko ciwon sukari, ƙwayar da yake sha kullum ta shiga cikin abincinsa, domin rashinta yana kai shi ga shanyewar ɓarin jiki ko makanta. Wanda ya aiko da buhun shinkafa ya manta da ita, ciyarwarsa ba ta cika ba.

Ga wani abu kuma da ma'aikata da yawa ba su lura da shi ba. A tsarin Gwamnatin Tarayya, katin ma'aikaci ya ƙunshi shi da matarsa da 'ya'ya 4 waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Uwa da uba ba su ciki, sai in an ƙara su da ƙarin kuɗi, ko an yi musu rajista dabam, misali a shirin GIFSHIP wanda aka buɗe a 2020 domin ɗaiɗaikun mutane da iyalai da ƙungiyoyi, ko a shirin jiha na waɗanda ba ma'aikata ba. Wanda ya tsara takardar ya ƙirga iyali yadda Turawa ke ƙirgawa. Shari'a kuwa ba haka take ƙirgawa ba. Sai ka ga mutum hankalinsa kwance, ana cire masa kuɗi daga albashi kowane wata, yana zaton gidansu ya shiga inuwa, alhali kuwa waɗanda suka fi kowa bukata suna tsaye a rana.

To, a ce ɗa ya yi niyya. Zaɓen ma kansa amana ne, amana kuwa ba a riƙe ta da jahilci. Wajen rajista ana sa mutum ya zaɓi asibitin da za a riƙa duba shi a matakin farko, daga nan ne kuma ake ba da takardar turawa zuwa babban asibiti in abin ya fi ƙarfinsu. Ɗan da ke zaune a birni sau da yawa yakan zaɓi asibitin da ya fi suna, ko wanda ke kusa da shi, ya manta cewa ba shi ne zai hau bayan babur da ciwon baya ba. Tsohuwar da ke wani ƙauye a bayan Ɗanja, in aka rubuta mata asibiti a cikin Funtua, kuɗin mota da wahalar hanya za su sa ta haƙura ta koma ga mai kyamis. Jihar Katsina tana da mazaɓu 361, manufar asusun nan na 2014 kuwa ita ce a sami aƙalla asibitin matakin farko guda mai aiki a kowace mazaɓa. Sai a fara duba na kusa, a je da ƙafa a gani: akwai ma'aikaci da dare? Akwai abin awon jini da na sukari? Maganin da take sha yana cikin jerin da tsarin ya amince da shi? In yanar ido ta rufe, ko gwaiwa ta bukaci aiki, ko aka ce sai wankin ƙoda, wane ne a ciki, wane ne ba ya ciki, wane ne kuma ake raba kuɗinsa? In an tura ta Babban Asibitin Funtua ko na Malumfashi, ko ma asibitin koyarwa na Shika, katin zai bi ta? Har wa yau a sani cewa a tsarin tarayya majinyaci yakan biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani, kuma kati ba ya fara aiki ranar da aka yanke shi, akwai lokacin jira. Wanda ya bari sai ciwo ya kwantar sa'an nan ya ruga rajista, ya makara.

Kada kuma a yi abin a bayan idon mai shi. Tsoho ba yaro ba ne. Yana da likitan da ya saba da shi, yana da asibitin da ba ya son shiga saboda a can matarsa ta cika. A zauna a gabansa a ce, "Baba, ga abin da muka yi shawara, me kuka gani?" In ya nuna ƙyama saboda addini, a kai maganar ga malamin da ya yarda da shi, kada a yi masa dariya. A tuna kuma da kunya irin tamu. Dattijo zai yi wata uku yana fama da fitsari bai gaya wa ɗansa ba, balle ɗan fari. Uwa za ta ce "da sauƙi" har ranar da za ta kasa tashi. Tilas a sami wanda suke sakin jiki da shi, ƙanwa ce ko jika, a tambaye shi, domin ba za ka zaɓa wa mutum tsarin da ya dace da ciwonsa ba in ba ka san ciwon ba.

Sa'an nan sai bibiya, wadda a nan ne yawancinmu muke faɗuwa. Katin da aka biya da kuɗin aljihu na shekara ɗaya ne, in ba a sabunta ba ya mutu, ba kuwa zai yi sallama ba. Jikin tsoho ma na bana ba na bara ba ne. Bara ciwon gwiwa ne kaɗai, bana an sami sukari. Farashin magani ya tashi ƙwarai tun daga 2023, sa'ad da aka janye tallafin man fetur darajar naira kuma ta faɗi. Rashin tsaro na shekarun nan ya tayar da iyalai da yawa daga ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara zuwa cikin gari, wanda kuwa ya yi ƙaura ya bar sunansa a asibitin ƙauyen da ya baro, katinsa ya zama takarda kawai, ko da yake ƙa'ida ta ba shi damar canja asibiti. A Amurka, inda aka kafa shirin Medicare a 1965 domin 'yan shekara 65 zuwa sama, an keɓe lokaci kowace shekara, daga 15 ga Oktoba zuwa 7 ga Disamba, domin tsofaffi su sake duba tsarinsu su canja in bai yi musu ba. A Gana, inda 'yan'uwanmu Hausawan zango suke, doka ta ɗauke wa 'yan shekara 70 zuwa sama biyan kuɗin shekara. Mu ba a yanka mana irin wancan lokaci na Amurka ba, amma Allah ya ba mu kaka. Ranar da aka auna hatsi aka fitar da zakka, ranar ce ta fi dacewa a ɗauko katin Baba da na Inna a duba kwanan watan da ke jiki, tun kuɗi yana hannu.

Wani zai ce, "Malam, kana magana kamar ba ka san asibitocinmu ba. Mai kati shi ake bari a benci, a ƙarshe a ce babu magani, je ka saya a waje." Wannan kuka ne da ake ji a wurare da yawa a ƙasar nan, ba za mu kuwa rufe shi da wa'azi ba. Asibiti yana karɓar kuɗi a kan kowane sunan da aka rubuta masa, ko mai sunan ya zo ko bai zo ba. Wanda ya karɓi wannan kuɗi ya kori tsoho hannu wofi ya ci haram, ko da farar riga ce a jikinsa. Hukumar da ta jinkirta biyan asibitoci ita ma tana da kashinta na alhaki. Abu Yusufa ya kawo a Kitabul Haraji cewa Sayyidina Umar ya ga wani tsohon Bayahude yana bara, ya ɗauke masa jiziya ya sa a riƙa ba shi daga baitulmali. Ba Musulmi ba ne, amma tsufansa ya isa hujja. Shugabannin Afirka kuma sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu domin lafiya, Gwamnatin Tarayya kuwa ta daɗe tana nesa da wannan adadi. Duk da haka, gazawar hukuma ba ta zama uzurin ɗa ba. Hasali ma ita ce ta sa bibiya ta zama tilas. Tsoho ba zai iya jayayya da ma'aikaci ba, ba zai iya kai ƙara ofishin hukumar ba. Ɗansa zai iya, in ya yi kuwa, ba mahaifinsa kaɗai ya ƙwato wa hakki ba, har da na kusa da shi a benci wanda ba shi da ɗa.

Mu ma talakawa akwai namu laifin, tilas a faɗa. Gurbin da aka ware wa marasa ƙarfi ƙidayayye ne. Mai tireloli biyu ko mai shago a kasuwar Funtua wanda ya bi ta hannun wani ɗan siyasa aka sa sunan mahaifinsa a jerin matalauta, ya sani cewa ya ture wata gwauruwa ce wadda ba ta da kowa. Mahaifinsa ba matalauci ba ne, tunda yana da shi. Haka nan ba da aron kati ga maƙwabci ya je ya amsa sunan da ba nasa ba. Tausayi ne ya kawo shi, gaskiya ne, amma ha'inci ne ga sauran masu asusun, yana kuma iya jawo a rubuta ciwon wani a fayil ɗin mahaifinka, wata rana a ba shi maganin da zai cuce shi. Mai tausayin gaske sai ya yanka wa maƙwabcin nasa katin.

Saura batun rabon nauyi tsakanin 'ya'ya, wanda ke raba zumunci a gidaje da yawa. Malaman Malikiyya sun kawo maganganu uku a kan yadda za a raba ciyar da iyaye: ko dai daidai bisa yawan 'ya'ya, ko gwargwadon rabon gado, ko gwargwadon wadatar kowa. Ta ƙarshen ce ta fi kwanta mana, ɗiya mai hali ma ba a cire ta ba. Amma a lura, su suna magana ne a kan kuɗi. Kati ba ya ɗaukar tsoho ya ɗora shi a mota, ba ya riƙe masa buta, ba ya tuna masa da ƙwayar asuba, ba ya kwana a ƙasa a gefen gadon asibiti. Duk wannan ƙanen da aka bari a gida ne ke yi, shi da matarsa, wadda sau da yawa ba a ko ambatonta. Yayan da ya aiko da kuɗin rajista daga Legas ya sauke wani kashi, ba mu raina masa ba. Sai dai in an zauna lissafi da kaka, a sa kwanakin da ƙanen ya bar gonarsa a tsakiyar noma ya yi jinya, a kuma biya masa kuɗin ƙwadagon da ya ɗauka a madadinsa, kafin a ce kowa ya kawo daidai.

Allah ne mafi sani.